Kwana Goma Ba Waya: Darasin Igatpuri ga Ma'aikatan Abuja

A garin Igatpuri da ke jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, tafiyar kimanin awa 3 daga birnin Mumbai, akwai wata cibiyar halwa mai suna Dhamma Giri, wadda ta fara karɓar baƙi a 1976. Duk wanda ya isa ƙofarta da niyyar zaman kwana 10, abu na farko da ake buƙata daga gare shi shi ne ya miƙa wayarsa. Bayan waya sai littafi, sai alƙalami da takarda. Ana adana masa su, a nuna masa makwanci a ɓangaren maza ko na mata, daga nan kuma bakinsa ya rufe. Ba hira, ba ishara, ba haɗa ido da abokan zama har safiyar rana ta 10, in ban da 'yar tambaya ga malami ko ga mai kula da baƙi. Ƙararrawa ce ke tashinsa ƙarfe 4 na asuba. Zai shafe kusan awa 10 a yini yana zaune, kwanakin farko yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa, daga rana ta 4 kuma yana bin jikinsa gaɓa-gaɓa yana lura da abin da kowace gaɓa ke ji. Abinci ba nama, kuma mai nauyin kafin rana ta take ake cinsa. Da yamma sai shayi da 'ya'yan itace ga sabon shiga. Ƙarfe 9:30 na dare kowa ya kwanta. Ba a karɓar ko sisi a hannun baƙo, domin gudummawar waɗanda suka taɓa kammala zaman ce ke ciyar da masu zuwa a bayansu.

Wannan hanya ana kiranta Vipassana, kuma tana da cibiyoyi fiye da 100 a duniya, ciki har da ɗaya a Worcester ta Afirka ta Kudu. Masu zuwa ba marasa abin yi ba ne. Arvind Kejriwal, lokacin da yake babban ministan Delhi, ya sha ɓacewa na tsawon kwana 10 domin wannan zama, kuma birnin bai rushe ba kafin ya dawo. A 1994 an zaunar da fursunoni kimanin 1,000 lokaci guda a gidan yarin Tihar, ƙarƙashin shugabancin Kiran Bedi. Labarin irin waɗannan wurare ya daɗe da isowa Abuja ta intanet da bakin masu yawan tafiya, kuma ba abin mamaki ba ne ma'aikacin da ya gaji ya kalli hoton duwatsun Igatpuri ya ji ransa ya biya.

To amma mene ne ainihin abin da ransa ya biya? Da wuya a ce zaman dirshan na awa 10 ne, ko tashin ƙarfe 4, ko kwana da ciki rabi. Abin da ke jan hankalinsa shi ne akwatin nan da ake kulle waya a ciki, da kuma dokar da ta tsaya a bayan akwatin, wadda ke ba mutum ikon ya ce ba a samunsa, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Wannan iko ne ma'aikacin tarayya ya rasa, ko da yake yana rubuce a takarda da sunansa.

Hadimin minista ko na sanata yana da lokacin barin ofis, amma ba shi da lokacin tashi daga aiki. Wayarsa kan yi ƙara ƙarfe 11 na dare domin an sauya jawabin gobe, ta sake yi da asuba domin jirgi ya sauya lokaci. Darakta na fama da zaurukan WhatsApp bila adadin, kowanne yana jiran ya ce ya gani, kuma shiru a cikinsu ana ɗaukarsa raini. Ƙaramin ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba tun duhu ya riga ya ƙarar da rabin haƙurinsa a cunkoson Nyanya kafin ya sa ƙafa a Sakatariyar Tarayya. Jiki kuwa magayi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta a rahotonsu na 2021 cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Hadimi nawa ne a Abuja zai iya rantsuwa cewa makonsa bai kai awa 55 ba, idan aka haɗa da kiran dare da na ƙarshen mako?

Dokokin aikin gwamnati sun ba ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama hutun kwana 30 a shekara. Wato ninki uku na abin da ake buƙata a Igatpuri. Sai dai hutun da ake tafiya da waya a kunne sauyin wurin zama ne kawai: an ɗauke tebur daga ofis an kai shi falo. Wasu ma sukan cike takardar hutu, a amince, su ci gaba da zuwa ofis, domin tsoron kada a zauna wani taro babu su, ko a sauya musu kujera kafin su dawo, ko wani fayil mai maiƙo ya wuce ta hannun wani. Hadimai na siyasa kuwa hutunsu yana bakin oga, kuma neman sa ma yana iya zama laifi. Tsoron nan ba na banza ba ne, shi ya sa wa'azin a riƙa hutawa ba ya tasiri. Wanda ya ga yadda aka yi wa na kusa da shi ba ya buƙatar a sake yi masa bayani.

Abin da ya kamata ya ɗauki hankalin ma'aikacin gwamnati a tarihin Vipassana shi ne cewa malamin da ya raya wannan reshe nata ma'aikacin gwamnati ne, mai iyali, mai zuwa ofis kullum. Sunansa U Ba Khin, mutumin Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar. An haife shi a 1899, ya shiga ofishin Akanta Janar a matsayin ƙaramin akawu, ya yi ta hawa har ya zama Akanta Janar na ƙasar ranar da ta sami 'yancin kai, 4 ga Janairun 1948. Bai ajiye aiki ya shiga daji ba. A 1950 ya kafa ƙungiyar masu zaman natsuwa a cikin ofishin nasa, inda ma'aikatansa ke koyo, sannan a 1952 ya buɗe cibiya a birnin Rangun. Ko bayan ritayarsa gwamnati ta ci gaba da ɗora masa shugabancin hukumomi har zuwa 1967. Almajirinsa S. N. Goenka, ɗan kasuwa ne da ciwon kai mai tsanani ya kai shi wurinsa, kuma da farko U Ba Khin ya ƙi karɓarsa muddin maganin ciwon kai kawai yake nema. Goenka ya yi shekara 14 yana koyo kafin ya kai hanyar Indiya a 1969. Daga baya gwamnatin Maharashtra ta amince ma'aikatanta su ɗauki hutu domin halartar zaman kwana 10.

Abin lura a nan shi ne inda izinin ya fito. Daga sama ya fito. Shugaban ofis ne ya buɗe wa na ƙasa da shi ɗaki, gwamnatin jiha ce ta rubuta takarda. Ba a bar akawu ya yi ta kokawa da maigidansa shi kaɗai ba. A Abuja ma nan ne gizo ke saƙa: ƙaramin jami'i ba zai iya kashe waya ba sai darakta ya yarda, darakta ba zai iya ba sai babban sakatare ya yarda, shi kuma idonsa na kan minista.

Wannan ba yana nufin a nemi bizar Indiya ba. Akwai sharaɗi a dokokin cibiyoyin Goenka da ya wajaba mai niyyar zuwa ya karanta da idon basira kafin ya cike fom. Suna neman baƙo ya dakatar da duk wata addu'a, ibada ko al'adar addini tsawon kwanakin zaman, har da azumi da jan carbi. Hujjarsu ita ce a gwada hanyar ita kaɗai ba tare da gauraye ba, kuma suna jaddada cewa ba sa neman kowa ya sauya addini. A daren farko kuma ana buɗe zama da kalmomin neman mafaka na al'adar Buddha, ana sauraron rerawar Goenka cikin tsohon harshen Pali safe da yamma. Ya kamata a yaba musu da suka rubuta sharaɗinsu a fili, ba su ɓoye shi sai mutum ya shiga ba. Amma lissafin a bayyane yake: kwana 10 ga Musulmi salloli 50 ne na farilla, da Juma'a aƙalla ɗaya a ciki. Kirista ma zai rasa ibadar Lahadi da addu'arsa ta kullum. Natsuwar da za a saya da wannan farashi ta yi tsada ko da kyauta ake ba da ɗaki da abinci. Mai imani zai iya ɗaukar darasin akwatin waya daga Igatpuri ba tare da ya kwana a can ba.

Dama kuwa yana da nasa a gida, ya daɗe da shi. I'tikafi a goman ƙarshe na Ramadan halwa ce ta kimanin kwana 10, mai dokoki tsararru da duk ɗalibin da ya karanta Risala ya sani: zama a masallaci, azumi, barin ciniki da harkokin duniya, rashin fita sai don buƙatar da ba makawa. Mabiya ɗariƙu suna da halwarsu ƙarƙashin kulawar shehi. Kiristoci suna da gidajen sufaye irin na Ewu a jihar Edo da na Awhum a jihar Inugu, inda baƙo kan je ya yi kwanaki cikin shiru da addu'a, ga kuma tsarin Ignatius na Loyola na kwana 30, wanda ake taƙaitawa zuwa 8 ga masu aiki.

Tarihin Imam Ghazali kuwa kamar don ma'aikatan babban birni aka rubuta shi. A 1091 wazirin daula Nizamul Mulk ya naɗa shi shugaban malamai a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, muƙami mafi girma da malami zai samu a zamanin, ga ɗalibai kimanin 300, ga kusanci da fada. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya ba da wannan labari da kansa a littafinsa Almunƙiz minad Dalal. Ya fita daga Bagadaza ya nufi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar masallaci ya kulle kansa. Abu biyu a labarin ake yawan tsallakewa. Bai tafi ba sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci, ɗan'uwansa Ahmad kuma ya riƙe masa kujerar karantarwa. Sannan ya dawo: a 1106 ya koma karantarwa a Naisabur. Ya miƙa aiki kafin ya tafi, kuma ya komo da abin da ya samo.

Sai dai i'tikafin wannan zamani, a manyan masallatan birane, yana neman zama abin da ba shi ba. Kowace kusurwa da cajar waya a bango. Mutum na zaune da Alƙur'ani a cinya yana amsa saƙon ofis, yana bin labarin naɗe-naɗe, wani ma yana amincewa da biyan kuɗi tsakanin la'asar da magariba. Akwai kuma waɗanda suka gano cewa sahun da manya ke i'tikafi wuri ne mai kyau na miƙa takarda. Gangar jiki na masallaci, hankali na ma'aikata. A nan ne mutanen Igatpuri suka yi fintinkau, ba don hanyarsu ta fi ba, sai don sun gane cewa niyya kaɗai ba ta iya wa waya, dole sai an raba ta da hannu. Babu abin da zai hana kwamitin masallaci ya tanadi akwatuna masu makulli da lamba guda ta gaggawa da iyalai za su kira. Kuɗin yin hakan bai kai na buɗa-bakin dare ɗaya ba.

Akwai kuma batun lafiya, wanda masu tallan natsuwa ba su cika son tayarwa ba. Shiru mai tsawo ba kowa yake karɓa ba. Binciken da Jared Lindahl da Willoughby Britton na Jami'ar Brown ta Amurka suka wallafa a 2017 ya tattara bayanan mutanen da zaman natsuwa ya jefa cikin firgici, rashin barci, dawowar tsohon tashin hankali da jin kamar sun fita daga jikinsu, wasunsu na tsawon watanni. Cibiyoyin Goenka da kansu suna tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa a fom, kuma suna cewa su ba asibiti ba ne. Ma'aikacin da ya yi wata uku ba ya barci, ko wanda baƙin ciki ya danne, likita ya kamata ya fara gani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi kariya daga wariya ga mai irin wannan lalura, ko da yake kunya har yanzu ta fi doka ƙarfi a ofisoshi. Miƙa waya da rufe baki kuma amana ce babba, ba a ba wa kowane mai rawani ko mai farar riga. Gawarwaki fiye da 400 da aka tono a dajin Shakahola na Kenya daga 2023, na mutanen da wani mai wa'azi ya keɓe ya sa su azumin mutuwa, sun isa gargaɗi. Duk wurin da ke raba mutum da iyalinsa, ko ya hana shi shan maganinsa, ko ya ƙi faɗin ranar fita, ba wurin kwana ba ne.

Wani zai ce to gwamnati ta shirya wa ma'aikata irin wannan. Allah ya kiyaye. Abin dariya ne cewa a Turancin ofis kalma ɗaya ake amfani da ita ga halwa da kuma taron bitar da hukumomi ke yi a manyan otal-otal, inda ake kwana uku ana kallon majigi, ana shan shayi sau biyu a yini, a raba jaka da kuɗin guzuri, kowa na latsa waya ƙarƙashin tebur. Ranar da aka buɗe layin kasafi na ziyarar cibiyoyin natsuwa, ranar ce za a ga tawaga mai mutum 40 ta nufi Asiya da kuɗin jama'a, a dawo da hotuna. Halwa ta mutum ce, daga aljihunsa, cikin hutunsa. Abin da ake nema a wurin gwamnati bai da tsada: ta bar shi ya tafi.

Kuma natsuwar da ba ta taɓa aikin mutum ba abin tuhuma ce. A ƙarshen 2018 Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ya yi zaman kwana 10 a Pyin Oo Lwin ta Myanmar, ya fito yana yabon ƙasar da mutanenta da abincinta, bai ce uffan ba kan Musulmin Rohingya fiye da 700,000 da sojoji suka kora zuwa Bangladesh tun daga Agustan 2017. Ya sha suka, kuma ya cancanta. Jami'in da ya fito daga i'tikafi fuska na sheƙi, alhali fayil ɗin fanshon wani tsoho na nan a aljihun teburinsa wata na tara yana jiran a ga ido, bai wuce Dorsey ba. Ɗaya daga cikin alkawura biyar da ake ɗauka a ƙofar Dhamma Giri shi ne barin sata, wani kuma barin ƙarya, kuma Akanta Janar ne ya koya wa Goenka su.

Ga shugabannin ofisoshi kuwa, hutun kwana 10 na jami'i guda gwaji ne mai arha na lafiyar ma'aikatarsu. Sashen da ke tsayawa cak saboda mutum ɗaya ya kashe waya yana da ciwon da ya fi gajiyar mutumin: bayanai na cikin kansa ba a fayil ba, mataimakinsa bai san komai ba domin an hana shi sani, makullin kabad na aljihu ɗaya. Bankuna sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke tilasta wa masu riƙe da wurare masu haɗari tafiya hutu, domin a lokacin da wani ya zauna kujerar ne ɓarnar da aka daɗe ana rufewa ke fitowa. Jami'in da ya yi shekaru bai taɓa yarda ya bar teburinsa ba, ana iya yaba ƙwazonsa, ana kuma iya tambayar abin da yake gadi.

Faransa ta sa dokar 'yancin kashe waya bayan aiki tun Janairun 2017, Ostireliya ta bi sahu a Agustan 2024. Najeriya ba ta buƙatar jiran Majalisa kafin ta fara. Takardar umarni guda daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ta isa ta ce ba a kiran wanda ke hutun shekara sai ta hannun wanda ya riƙe masa aiki, kuma ba a sauya masa wurin aiki yana hutu. Jadawalin hutu da ake tsarawa a farkon shekara yana iya la'akari da goman ƙarshe na Ramadan da makon Ista, a raba tsakanin ma'aikata yadda ofis ba zai zama kango ba, tunda a yawancin sassa Musulmi da Kirista na zaune tebur da tebur, kowanne na iya riƙe wa ɗan'uwansa. Masu hadimai kuma, daga minista zuwa ɗan majalisa, wasunsu kan tafi Umara a waɗannan kwanaki, su bar hadimi a Abuja da wayoyi biyu a hannu yana jiran kira daga Makka.